TALIYAR DA BA TA JIRAN KOWA

 Yau zancen taliya zan kawo muku, kada wata ta yi tsaki ta ce yo taliya kuma mene ne abin ba da labari a cikinta, tunda ko yarinya 'yar shekara 8 ta iya dafawa. Ki dai gyara zama ki ji, don wannan da zan faɗa ba irin wadda kika sani ba ce, ko da yake 'yar'uwarta tana nan a kicin ɗinki cikin leda.

Indomie ɗin nan da yaranmu suke kuka a kanta, asalin kamfanin na ƙasar Indonesiya ne, an fara shigo da ita Nijeriya a 1988, daga baya aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Amma ita dabarar busar da taliya a sa a leda, wani mutum ne a Japan mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro ta a 1958. Karayar arziki ce ta same shi, sai ya shige wata 'yar rumfa a bayan gidansa a garin Ikeda kusa da Osaka, ya shekara guda yana gwaji yana zubarwa. Kin san inda ya samo bakin zaren? A kicin ɗin matarsa. Ganinta ya yi tana suya, ya lura tafasasshen mai yana korar ruwan da ke jikin ƙullin fulawa, sai ya soya taliyarsa ta bushe ƙayau, in an zuba mata ruwan zafi ta dawo. To abin da yake kwaikwayo, wato uwar abin, shi ake kira ramen, kuma ita ba a leda take zuwa ba, shago ake zuwa a zauna a ci.

Ni Allah ya kai ni Japan ne a 2016, lokacin da maigida ya samu gurbin ƙaro karatu a garin Tsukuba, muka tafi da yara 3, muka zauna har 2019. Duk wadda ta zauna a can da iyali za ta gaya miki babbar jarrabawar ƙasar ba sanyi ba ne, abinci ne. Harafinsu na farko da na haddace shi ne wanda yake nufin alade, na biyu kuma giya, don da su nake bin bayan kowace leda a kanti kafin in sa a kwando. Kaji sai na ƙanƙara masu tambarin halal waɗanda ake kawowa daga Brazil. Makarantar yara kuwa ana ba su abincin rana, amma tunda sau da yawa da alade a ciki, ni ce zan tashi kafin asuba in dafa in zuba musu a 'yan kwanukansu. Ba mai aiki, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga ki ce taya ni.

Shagunan ramen kuwa ko'ina kika juya ga su, a bakin tasha, a lungu, a ƙarƙashin gadar jirgi, da ɗan labule a rataye a ƙofa, ƙamshi yana dukan hanci. Shekara ɗaya da rabi ina wuce su ina kau da kai. Dalili shi ne yawancinsu da ƙashin alade suke haɗa romon, musamman irin na Fukuoka da suke kira tonkotsu, wanda ake tafasa ƙasusuwan tsawon sa'o'i har romon ya yi fari kamar madara. Ko an ce miki na kaza ne ba ki tsira ba, don sau da yawa akan gauraya da kitsen alade, yankan naman da ake ɗorawa a sama shi ma na alade ne, ga kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda muke jefa magi. Ba mugunta ce ta sa su ba, abincinsu ne haka.

Sai dai daga 2013 Japan ta sassauta wa 'yan Maleshiya sharaɗin biza, a 2014 ta sassauta wa 'yan Indonesiya, Musulmi masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara, 'yan kasuwa kuwa ba sa barci, nan da nan aka fara buɗe shagunan ramen na halal a Tokiyo da Kyoto da Osaka. Maƙwabciyata ce ta ba ni labari, wata 'yar Indonesiya da mijinta yake karatu tare da maigidana. Ibu nake ce mata, haka suke kiran uwa ko babbar mace a yarensu, ita kuma ta ce mini Ummi. Da guntun Turanci da guntun Larabci da nuni da hannu muke hira, kuma wallahi mun fahimci juna fiye da wasu da muke yare ɗaya.

Wata Asabar cikin Janairun 2018, ana tsananin sanyi, ta zo ta tsaya a kan maigida sai ya bar ni mun je. Ya yi dariya ya ce, "Yanzu saboda taliya za ku hau jirgi?" Ta ce ƙwarai kuwa. Ya ce to a dawo lafiya, shi zai riƙe yaran. Muka hau jirgin ƙasa daga Tsukuba, kamar minti 40 sai ga mu a unguwar Asakusa.

Ashe ma unguwar tana da tarihi a wannan harka. A nan aka buɗe wani shago mai suna Rairaiken a 1910, mai shi Bajapane ne amma masu dafuwar 'yan Chaina ya ɗauko daga Yokohama, kuma shi ake yawan ambata in ana zancen mafarin ramen a Japan. Don haka asalinta baƙuwa ce, har sun daɗe suna kiranta taliyar Chaina. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, shinkafa ta yi ƙaranci, yunwa ta shigo, Amurka ta riƙa jibgo musu fulawa, sai masu 'yan tebura a bakin titi suka riƙa murza taliya suna sayar wa leburori. Abincin talaka ne mai sauri, na mai aikin ƙarfi da zai cika ciki ya koma bakin aiki, kamar dai garau-garau a wurinmu. Daga baya ne ta yi suna har aka gina mata gidan tarihi a Yokohama a 1994.

Shagon da muka shiga bai fi faɗin falon gidan haya ba. Daga bakin ƙofa akwai wata na'ura mai maɓallai da hotunan abinci, ki sa kuɗinki, ki danna wanda kike so, ta tofo miki ɗan tikiti da canjinki. Kwano ɗaya wajen yen 1000. Ba ciniki, ba "a ƙara mini nama", ba mai taɓa kuɗi da hannun da yake taɓa abinci, wannan kam ya burge ni. Muna ɗaga labule ma'aikatan suka haɗa baki suka yi wata irin kururuwa, har na ja da baya, Ibu ta ce sannu da zuwa suke mana. Doguwar kanta ce guda ɗaya da kujeru a jere, masu ci suna fuskantar masu dafuwa, komai a gaban idonki ake yi. Takardar shaidar halal tana manne a bango. Wata yarinya ta kawo mana ruwan sanyi kyauta da wani ɗan ƙyalle na takarda da ake ɗaurawa a wuya, na ɗora nawa a kan hijabi.

Bari in tsaya a kan girkin, don na san nan ne hankalinku yake. Mai dafuwar, wani magidanci da tawul ɗaure a ka, ya fara ɗauraye kwanon da ruwan zafi don kada sanyin kwanon ya kashe abincin. Sannan ya ɗebo wani baƙin ruwa mai gishiri da ɗan ƙaramin ludayi ya zuba a gindin kwanon. Wannan shi ne sirrin kowane shago, kuma da shi ake bambanta ramen: akwai ta gishiri zalla, akwai ta ruwan waken soya da suke kira shoyu, akwai kuma ta miso, wadda garin Sapporo ya yi suna da ita. Shi miso waken soya ne ake dafawa a bar shi ya ruɓa cikin gishiri wata da watanni, ranar da na fara shinshina shi sai da na ce lallai kowa da daddawarsa. Bayan wannan ya zuba cokalin man kaza, sannan romo daga wata tukunya da za ta iya cin yaro a tsaye, ƙasusuwan kaji da ƙafafunsu suna ta bararraka tun dare.

Taliyar kuwa ɗanya ce, ba busasshiya ba, launinta rawaya-rawaya, na ɗauka ƙwai aka sa. Ibu ta ce a'a, wani ruwa ne ake kwaɓa fulawar da shi, sunansa kansui. Da na bincika daga baya sai na tarar dangin kanwa ne. Kanwar nan dai tamu ta ɗanwake da miyar kuka! Ita ke ba taliyar launi, ita ke sa ta yi danƙo ta riƙa turjiya a haƙori, kamar yadda ɗanwaken da ya ji kanwa daidai yake yi. Ya jefa ta cikin wani ɗan kwandon ƙarfe mai mariƙi, ya tsoma a tafasasshen ruwa, ya danna agogo. Ko minti 2 ba a yi ba agogo ya yi ƙara, ya fizgo kwandon ya yarfe ruwan da ƙarfi sau uku, ya juye a romo, ya jera yankan kaza da ɓarin ƙwai da lawashi da tohon gora da wani baƙin ganyen teku mai kama da takarda, ya miƙo mini da hannu biyu ta saman kanta.

Nawa ne ya riga fitowa. Na naɗe hannu ina jiran na Ibu, kamar yadda kowace 'yar mutunci za ta yi. Sai ta zungure ni ta ce, "Ummi, ci. Ba a jira." Na ce haba, ai ba daɗi in fara ke kina kallo. Ta ce a nan rashin kyautawa shi ne ki bar shi ya huce, don taliyar tana ci gaba da dahuwa a cikin romon, in kika ba ta minti 5 za ta sha ruwa ta kumbura ta caɓe, wahalar da mutumin nan ya sha tun dare ta tashi a banza. Na ɗaga kai, ai kuwa ga shi yana satar kallona. Na yi bisimilla na fara.

Da tsinke biyu ake ci, ga kuma wani cokali mai zurfi na shan romo. Su tsinke a dama cokali a hagu suke yi, ni kuwa da ba na kai hagu baki sai in ajiye wannan in ɗauki wancan. Maza na kusa da mu zuƙar taliyar suke yi da ƙara, fuuut, fuuut, abin da in kika yi a gaban Innata sai kin sha ranƙwashi. A wurinsu ba abin kunya ba ne, iskar da ake ja ita ke sanyaya taliyar a baki. Ni dai ban iya sakin jiki har can ba, amma na ci. Romon nan ya bi maƙogwaro ya sauka har tafin ƙafa, kaurinsa har yana manne leɓe, ga citta ga tafarnuwa can ƙasa-ƙasa, tururi ya rufe mini tabarau, hanci ya fara zuba. Ƙwan kuwa farinsa ya dahu, gwaiduwar tana nan kamar zuma.

Ina tsakiyar kwanon nan wani tunani ya faɗo mini, har na ajiye tsinken. Na shiga lissafi, yaushe rabon da in ci abinci da zafinsa, a zaune, ni ce ta farko, ba wanda ya kira sunana? Na koma baya, na wuce zuwanmu Japan, na wuce haihuwar auta, na wuce ta biyu, sai da na dangana da zaman jegon fari a gidanmu, lokacin da ake kawo mini kunun kanwa da gasasshen nama har gado. Shekara 9 ke nan.

Ke ma ki yi naki lissafin. Kin sauke tukunya, sai ki fara da kular maigida, ki zaɓa masa tsoka. Sai na yara, wannan ya ce ba ya son albasa, wancan ya kifar da nasa. Sai na baƙon da ya yi sallama daidai lokacin, sai kwanon maƙwabciya mai ciki da ƙamshi ya kai mata, sai ɗan almajirinki da ke tsaye a zaure. Kafin ki juyo kan naki jariri ya farka, kafin ki lallaɓa shi an kira la'asar. Sai ki kankare gindin tukunya a tsaye, ki tura loma uku mai sanyi, in an tambaye ki ki ce ai ƙamshin girkin ya cika miki ciki. Ni ma na sha faɗar haka, na kuma ji Innata tana faɗa, ita da muka tashi muna ganin ƙanzo ne abincin da ta fi so a duniya. Sai da na girma na fara shakkar anya son sa take yi.

Ba wanda ya kafa mana wannan doka. Maigidana bai taɓa cewa kada in ci ba, hasali ma yakan ce zo mu ci, in ce ina zuwa, kuma ba na zuwa. Abin da na lura shi ne abincinmu mai haƙuri ne. Tuwo zai zauna a kula daga azahar har isha, in ya kwana ma a yi ɗumame ya fi na jiya daɗi. Shinkafa za ta jira, dambu zai jira, miya kuwa sai ta ƙara kama jikinta. Tunda abincin zai jira, sai aka bar mai dafa shi ita ma ta jira, har ta saba, har in an ce ta zauna sai ta ji kamar ta yi laifi. Ladan ciyarwa ba na musunsa, kuma har gobe ina jin daɗi in ga an sauke kwano fes. Amma ban ga inda ladan zai ragu ba don uwa mai shayarwa ta ci rabonta da ɗuminsa. Ita wannan taliya da ba ta da haƙuri ko na minti 5, ita ce ta tilasta mini abin da ba wanda ya taɓa tilasta mini.

Kada ku ɗauka ina cewa matan Japan sun huta. Ina! Su ma iyayen yara da asuba suke tashi haɗa kwanon makaranta da na miji, har gasar ƙawata shi suke yi. A shagon nan ma yawancin masu ci maza ne, mata ba mu fi 4 ba. Akwai wani kamfanin ramen mai rassa da yawa, Ichiran, da ya yanyanka kantarsa ɗaki-ɗaki da katako, kowa ya shige akurkinsa, ko fuskar mai miƙo abincin ba ya gani. Nasu na alade ne ban shiga ba, a hoto na gani, amma wannan kam bai ba ni sha'awa ba. Mutum ya zauna shi da bango yana zuƙar taliya shiru kamar mai zaman makoki, ina daɗin yake? Ni a bar ni da tirenmu, hannu biyar a ciki ana faɗan nama. Ga gishiri, don ramen akwai gishiri ba kaɗan ba, su kansu likitocinsu suna gargaɗi a daina shanye romon duka, mai hawan jini kuwa sai ta yi hattara.

Cikin minti 15 mun gama, don mutane na tsaye a layi a waje cikin sanyi, ba a zama hira. Muka ɗora kwanukan a saman kanta, Ibu ta koya mini kalmar godiyar da ake faɗa bayan cin abinci, gochisosama, na faɗa da karyayyen harshe, mai dafuwar ya sunkuyar da kai. Ko cokali ban wanke ba.

Da muka dawo Kano na ce sai na gwada. Ga yadda nake yi, ga mai so. Ki samu ƙasusuwan kaji da wuya da ƙafafu wurin masu yankan kaji, ba su da tsada. Ki tafasa su minti 5 ki zubar da ruwan farko ki wanke, sannan ki mayar da sabon ruwa da ɗanyar citta da tafarnuwa da albasa guda, ki rage wuta ki bar shi awa 3 zuwa 4 kina kwashe kumfa. Gawayi ya fi, don gas zai sa maigida ya yi magana. A gindin kowane kwano ki sa gishiri da ɗan ruwan waken soya, ana samu a manyan kantuna, ki duba bayan kwalbar tukuna, in babu ki daka 'yar daddawa ki dama da romon ki tace. Taliya kuwa siririyar ta leda za ki samu, ki jiƙa kanwa ki tace, ki zuba kamar cokali 2 na ruwan a tukunyar dafa ta. Za ta yi kumfa, ki tsaya a kanta, kuma kada ki cika, in ta yi yawa ɗaci za ta yi. Ƙwai minti 7 a tafasasshen ruwa, ki tsamo ki jefa a ruwan sanyi. Ba zan ce miki ya kamo na Asakusa ba, amma ya yi dangi da shi.

Ranar farko da na yi sai na ga abin dariya, ashe na koma inda na fito. A shagon ai mai dafuwar a tsaye yake, ni kuma a gida ni ce mai dafuwar, ina ta tsoma wa wannan ina miƙa wa wancan, nawa na can ƙarshe. Daga nan na canza tsari. Yanzu ba a jefa taliya a ruwa sai kowa ya wanke hannu ya zauna, kwanuka na jere har da nawa, tukunya ɗaya ake yi a raba a take. In an buƙaci ƙari, babban ɗana na koya wa, shi zai tashi. Da farko ya yi ta ƙunƙuni wai aikin mata ne, na ce masa wanda ya dafa mini a Japan da gemunsa.

Da Inna ta zo mana kwana biyu na yi mata. Na shimfiɗa mata darduma, na ajiye kwanon a gabanta yana tururi, na ce, "Inna, bisimilla, yanzu za ki ci, ba ya son jira." Ta leƙa ta ce, "Yo wannan ai farfesun kaza ne aka zuba wa taliya, shi ne sai an je Japan?" Sannan ta waiga ta ce, "Yaran sun ci?" Na ce ga nasu can a gabansu. "Maigidan fa?" Na ce ga shi can yana ci. Ta ɗan yi jim kamar mai neman wanda ya rage, ba ta samu ba, sai ta ja kwanon. Ta kurɓi romon sau biyu ba ta ce komai ba, can ta ce in miƙo mata yaji, ta tsame ƙwan ta ajiye a murfin kwano ta ce in mayar da shi wuta, bai dahu ba.